Yadda ake zuwa baje kolin sana'ar hannu na Ann Arbor, daga kama masauki har kai kaya gida

Da zarar watan Yuni ya kama, tambaya ɗaya ce take ta zuwa mini daga ɗalibanmu da magidanta mazauna Shikago, Columbus da New York, har da na tsallaken kogi a Windsor ta Kanada: wai wannan baje kolin na Ann Arbor yaya ake zuwansa, nawa mutum zai tanada, kuma a ina zai yi salla ya ci abinci? Amsa ɗaiɗai ta gajiyar da ni, shi ya sa na tattara komai wuri guda.

Ann Arbor gari ne a jihar Mishigan ta Amurka, mazaunin Jami'ar Mishigan, kuma mutanensa sun ɗan haura 120,000. A tsakiyar watan Yuli, lokacin da damina ta kankama a gida, akan rufe titunan tsakiyar garin har kwana uku. Masu sana'a kusan 1,000 su kafa fararen rumfuna a jere: masu zane, maginan tangaran, maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa, masassaƙa, masu hura gilashi, masu ɗaukar hoto. Masu shirya taron suna ƙiyasta baƙi kusan rabin miliyan. Shiga kyauta ne, ba tikiti ba ƙofa. Abin da za ka sa a ranka tun yanzu shi ne ba mai gama shi a yini ɗaya, kuma wanda ya ce sai ya leƙa kowace rumfa zai koma gida da kumburin ƙafa, ya kasa tuna ko abu ɗaya da ya gani.

1. Tabbatar da ranakun

A 'yan shekarun nan daga Alhamis zuwa Asabar ake yi, a mako na uku na Yuli. A 2025 ya kama daga 17 zuwa 19 ga wata. Ana buɗewa ƙarfe 10 na safe, a tashi ƙarfe 9 na dare ranar Alhamis da Juma'a, ranar Asabar kuma ƙarfe 8. Duk da haka ka nemi Ann Arbor Art Fair a intanet ka duba ranakun shekarar da za ka je, domin an taɓa sauya tsarin kwanakin fiye da sau ɗaya.

Hattara: akwai wani biki daban mai suna Ann Arbor Summer Festival, na kiɗa da wasanni da nuna fim a fili, wanda aka fi yi a watan Yuni. Sunayen sun yi kama, kuma har filin da ake amfani da shi ya haɗu. Na san wanda ya ɗauki hutun aiki ya zo da iyalinsa makonni uku kafin lokaci saboda wannan ruɗani.

Idan kana da zaɓi, Alhamis ta fi. Rumfuna cike suke da kaya, masu sana'ar ba su gaji ba, jama'a ba su yi yawa ba. Asabar kuwa sai dai ka yi ta bin bayan mutane kamar ranar hawan salla.

Wanda yake gida yana tunanin tasowa musamman saboda wannan, ya fara da maganar biza kafin komai. Dokokin shiga Amurka sun tsananta ga ƙasashen Afirka da dama tun 2025, don haka ofishin jakadanci ne farkon wurin dubawa. Wannan jagora ta fi amfani ga wanda ya riga ya shigo ƙasar.

2. Kama masauki kafin ka sayi tikiti

Mutane sukan juya wannan tsari, su sayi tikitin jirgi sannan su fara neman ɗaki. Garin ƙarami ne, otal-otal ɗin tsakiyarsa ba su da yawa, kuma su kansu masu sana'ar nan dubu suna buƙatar wurin kwana. Kai da kake ganin ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Ka fara nema tun watan Afrilu ko Mayu, ka zaɓi ɗakin da za a iya fasawa ba tare da tara ba.

Wurare uku ne za ka duba. Otal ɗin tsakiyar gari ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma za ka iya komawa ɗaki da rana ka yi alwala ka miƙe ƙafa, kuma ga mai tsoho ko jariri wannan ya biya kuɗinsa. Na biyu su ne otal-otal ɗin kudancin gari, wajen kantin Briarwood kusa da babbar hanyar I-94, da na kan Plymouth Road a arewa maso gabas, wanda nan ne kusa da masallaci. Na uku garin Ypsilanti, maƙwabcin Ann Arbor daga gabas, inda ɗaki ya fi sauƙi kuma bas mai lamba 4 yana zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu ta titin Washtenaw.

Hattara: kuɗin da ka gani a farko ba shi ne za ka biya ba, akwai haraji a kai. Sannan yawancin otal sukan riƙe wani kuɗi a katinka har sai ka fita. Idan katin cirar kuɗi ne kake amfani da shi, wannan riƙon zai iya cinye abin da ka ware wa sayayya, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo.

3. Isowa garin

Mai zuwa ta sama zai sauka a filin jirgin Detroit, wanda ke kimanin kilomita 40 gabas da Ann Arbor. Daga nan bas ɗin Michigan Flyer yana kawo mutum har tashar Blake Transit Center a tsakiyar gari, taku kaɗan daga rumfunan farko. Ka sayi tikitinsa ta intanet tun kafin ranar. Uber ko Lyft sun fi sauri, amma kuɗinsu ya ninka na bas sau da yawa, sai dai in ku uku ne ko huɗu za ku raba.

Daga Shikago jirgin ƙasa na Amtrak mai suna Wolverine ya fi daɗi. Sau uku yake tashi a rana, tafiyar kamar awa huɗu da rabi, ya sauke ka a tashar titin Depot. Daga tashar akwai ɗan hawan tudu na kamar minti goma sha biyar zuwa cikin gari, don haka mai babban akwati ya nemi mota.

Hattara: agogon Mishigan yana gaban na Shikago da awa ɗaya. Lokacin da ke kan tikitin komawarka agogon Mishigan ne.

Mai tuƙo mota daga Shikago zai bi I-94, kamar awa huɗu. Daga Columbus kuma US-23 ce, kamar awa uku. Idan daga cikin birnin Detroit kake, akwai bas ɗin D2A2 da ke haɗa garuruwan biyu kai tsaye.

4. Inda za ka bar mota

Kada ka ce sai ka shiga da mota har bakin rumfuna. Titunan Main, Liberty, State, North University da South University duk a rufe suke, wasun da suka rage kuma hannu ɗaya ne, taswirar wayarka ma sai ta yi ta zagaye da kai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye mota a filin da aka keɓe a bakin gari, bas ya ɗauko ka. An saba amfani da filin kantin Briarwood da na makarantar Huron High School, amma ka duba na shekarar da kuɗin bas ɗin. Ka ɗauki hoton wurin da bas ya sauke ka, ka tambayi direba lokacin motar ƙarshe.

In kuwa ka fi son benayen ajiye mota na cikin gari, irin na mahaɗar Fourth da William ko na Ann da Ashley, to ka iso kafin ƙarfe 10. Da hantsi ya yi sun cika.

Hattara: kada ka bar mota a ƙofar gidan wani, ko filin wani kanti, ko wurin da aka sa alamar hani, ko da ka ga sarari. Janye ta za a yi, kuma kuɗin karɓo ta ya isa ya sayi zane mai kyau. Sannan dokar garin ta wajabta wa direba ya tsaya wa mai ƙafa a mashigin tsallaka titi, har wanda yake tsaye a bakin titi yana jira.

5. Abin da za ka ɗauka

Takalmi shi ne na farko. Shekarata ta farko na sa sabon takalmin fata don in yi kyau a hoto, kafin azahar ina ɗingishi. Ka sa tsohon takalmin da ƙafarka ta saba da shi, mai taushin ƙasa, domin awanni za ka yi a kan kwalta mai zafi.

Kada ka raina zafin wurin don kai ɗan Sakkwato ne ko Maraɗi. Awonsa yakan kai digiri 30, wani lokaci ya wuce, wanda a gida ba komai ba ne, amma zafi ne mai gumi, iska ba ta motsi tsakanin gine-gine, zufa kuma ba ta bushewa. Tufafin auduga marasa nauyi sun fi. Shadda mai sitaci da babbar riga ka bar su a akwati sai zuwa Juma'a. Mata su zaɓi mayafi marar kauri mai haske.

A ƙaramar jakar goyo ka sa gorar ruwa, laima wadda za ta yi maka aikin rana da na ruwa, ƙaramar dadduma mai naɗewa, batirin cajin waya, biro, jakar yadi guda ɗaya ta zuba sayayya, da tsabar kuɗi kamar dala 50 zuwa 100 a ƙananan takardu. Ruwan famfon garin ana sha, kuma akwai wuraren cika gora kyauta, saboda haka sayen ruwan roba asara ce.

6. Karanta taswira kafin ka taka

Abin da baƙo ke gani kamar baje koli ɗaya, a gaskiya guda uku ne da suka haɗa baki, kowanne da masu shirya shi. Akwai na asali, Ann Arbor Street Art Fair, wanda aka fara a 1960, yana kan North University da filin Ingalls Mall, kewayen hasumiyar agogo ta Burton. Akwai na unguwar State Street, a kan titunan State da Liberty da na kusa da su. Sai Ann Arbor Summer Art Fair na ƙungiyar masu sana'a, wanda ya mamaye titin Main da ɓangaren South University. Gaba ɗaya sun ci layukan gari kusan 30.

Ka karɓi taswirar takarda a rumfar bayani ta farko da ka gani. Kowace rumfa tana da lamba, taswirar kuma tana nuna banɗaki, wurin ruwa da wurin agajin gaggawa. Hasumiyar Burton ita ce alamarka: doguwa ce, ana hango ta daga wurare da yawa, kuma in kun zo da yawa ku yi alƙawari duk wanda ya ɓace ya koma gindinta. Waya takan yi nauyi a cikin cunkoso, kada ku dogara da ita kaɗai.

Ni shawarata ga mai yini ɗaya: ya fara da na asali da safe, ya gangaro State da Liberty wajen hantsi, ya huta da rana, ya ƙarasa Main da yamma inda gidajen abinci suka fi yawa. South University ya bar wa mai kwana biyu.

7. Zagayen farko na ido ne

Da sanyin safiya ake kama fara. Ka kasance a wurin ana buɗewa, kuma awa biyun farko kada ka sayi komai mai tsada. Dalili shi ne maginan tangaran kaɗai sun fi a ƙirga da yatsu, kuma kofin da ya sace maka zuciya a rumfa ta biyar za ka ga wanda ya fi shi a ta hamsin. Duk abin da ya burge ka, ka karɓi katin mai rumfar, ka rubuta lambar rumfa da farashi a bayansa, ka yi alama a taswira. Da rana in ka zauna hutawa sai ka baje katunan ka tace.

Akwai togiya guda. Idan abu ɗaya tak ne irinsa, kuma ka san in ka rasa shi zai dame ka, ka tambayi mai shi ko zai ajiye maka na awa ɗaya ko biyu. Da yawa sukan yarda, wasu sai ka ba da kafin alƙalami.

Waɗannan mutane ba 'yan tireda ba ne masu saro kaya. Sai da kwamitin tantancewa ya duba aikin kowannensu kafin a ba shi rumfa, kuma ƙa'ida ita ce wanda ya yi aikin da hannunsa shi ne zai tsaya a kai. Don haka ka yi tambaya: wace irin laka ce, kwana nawa aikin ya ci, da me aka rina zaren. A nan ne daɗin zuwan yake. Na taɓa tsayawa wurin wata mai rini da ke aiki da shuni, na ba ta labarin marinar Ƙofar Mata a Kano, muka yi kusan rabin awa tana tambayata yadda ake haɗa baba da toka a rijiyar rini. Ban sayi komai ba, amma ita ce hirar da na fi tunawa.

Hattara: kada ka ɗauki hoton aikin mutum ba tare da izininsa ba. Wasu sun sa alamar hani ƙarara, domin ana satar fasaharsu ta wannan hanya. Kada kuma ka taɓa zane da hannu, ka kula da jakar bayanka in za ka juya a rumfar gilashi. Abin da ka fasa ka saya.

8. Tsakar rana: inuwa, abinci da salla

Daga ƙarfe 1 zuwa 4 rana take cin mutum, kuma a nan ne amfanin garin jami'a yake fitowa. Gidan adana kayan fasaha na jami'ar yana kan titin State, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kujeru, ga banɗaki mai tsabta, shiga kyauta, kuma yana da sashen kayan Afirka. Kusa da shi akwai gidan tarihi na Kelsey mai kayan tsohuwar Masar da Rum. Mai yara ya kai su gidan tarihin halittu da ke North University su ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, shi ma kyauta. In kuma iska kake so, filin Diag da ke tsakiyar jami'ar yana da manyan bishiyoyi da ciyawa.

Abinci akwai rumfunansa, amma da tsada da dogon layi, kuma naman alade ya yi yawa a cikinsu. Yakan ɓuya a inda ba ka zato: a tsiran nama, a kan fiza, har a cikin wake da salak. Ka tambaya kai tsaye ko da alade a ciki, ba wanda zai ga laifinka. Mafi kwanciyar hankali shi ne gidajen abincin Larabawa da na Indiya da ke cikin gari. Jerusalem Garden a kan Liberty ya daɗe yana ciyar da ɗalibai da falafel, wanda ɗan uwan ƙosai ne. Wanda ke da mota kuma yana son nama na halal ba tare da tambaya ba, Dearborn tafiyar kamar minti arba'in ce, titin Warren cike yake da gidajen abinci da na burodi na Larabawa. Nan ya dace da cin abincin dare.

Hattara: idan ka zauna aka kawo maka abinci a tebur, tukuicin ma'aikaci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne na kuɗin abincin. A nan ba kyautatawa ba ce, kusan wajibi ne, domin da shi albashinsu ke cika.

Lokutan salla za su ba baƙo mamaki. A tsakiyar Yuli azahar tana shiga wajen ƙarfe 1 da minti 40, la'asar wajen 5 da minti 40, magariba kuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, wato ana tashi daga baje kolin rana ba ta gama faɗuwa ba. Alƙibla arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda jiki ya saba a gida. Za ka iya shimfiɗa daddumarka a wani gefe na ciyawar jami'a, ba mai hana ka, sai dai ka duba wurin da kyau saboda masu yawo da karnuka. Ranar Juma'a masallacin Islamic Center of Ann Arbor yana kan Plymouth Road, kamar minti goma a mota daga tsakiyar gari in ba cunkoso. Ka duba lokacin huɗuba tun da safe, ka bar rumfuna da sauran awa guda.

9. Sayayya

Nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, ni ma a ciki. Wanda ya tashi da cinikin kasuwar Kurmi ya san in an ce dubu goma sai ka taya uku, a ce albarka, ka yi kamar za ka tafi, a kira ka. Na gwada wannan a kan wani dattijo mai tangaran, ya sa dala 80 na ce 40. Bai ce albarka ba, bai ce komai ba, ya karɓi kwanonsa daga hannuna ya mayar kan kanta, ya juya ga mai bi mini. A wurinsa ba tayi na yi ba, cewa na yi aikinsa rabin abin da yake zato ne.

Farashin da aka rubuta shi ne farashi. Amma ƙofar ragi ba a kulle take gaba ɗaya ba. Idan za ka ɗauki abu biyu ko uku a rumfa ɗaya, ko aikin mai tsada ne sosai, za ka iya tambaya cikin ladabi, da murya ƙasa ba a gaban sauran masu saye ba, ko akwai ɗan sassauci. In an yi maka ragin kashi goma cikin ɗari, ka gode. In an ce a'a, ba a maimaitawa. Yammacin Asabar wasu sukan fi sakin hannu don ba sa son sake loda manyan kaya a mota, amma a lokacin mafi kyawun kayan sun riga sun tafi.

Game da abin da za ka tanada, ga yadda nake lissafi. Ƙananan kaya irin su kofi, 'yan kunne, cokalin itace ko ƙaramin hoto, ka sa ran dala 25 zuwa 75. Jakar fata, gyalen saƙar hannu, babban kwano ko abin wuyan azurfa sukan shiga ɗaruruwa. Babban zane na asali kuwa dubbai ne. Ka yanke wa kanka iyaka tun daga masauki, domin katin banki ba ya nuna maka aljihu yana raguwa.

Hattara: jihar Mishigan tana da harajin saye na kashi 6 cikin ɗari, kuma galibi ba ya cikin farashin da aka liƙa. Abin dala 100 zai zama 106. Yawancin rumfuna suna karɓar kati ta ƙaramar na'ura, amma katin bankin gida yakan ƙi aiki ko ya zo da iyaka, don haka ka gwada shi a wani kanti tun kafin ka zo, ka kuma riƙe tsabar kuɗi.

Kafin ka biya kuɗin zane, ka tambaya: wannan shi ne na asali, ko bugu ne? Yawancin masu zane suna sayar da duka biyun, kuma bambancin kuɗinsu kamar sama da ƙasa ne. Bugu ba laifi ba ne, shi ne ma daidai aljihun ɗalibi, amma ka san abin da ka saya. In ka ga an rubuta 12/50 a ƙasan takarda, ma'anarsa kwafi na 12 cikin 50 da aka buga. Kwano ko kofi, ka tambaya ko ana cin abinci a ciki ko na ado ne kawai. Zobe da 'yan kunne, ka tambayi irin ƙarfen. Ka karɓi rasit da katin mai sana'ar, domin ranar Lahadi ya naɗe rumfarsa ya kama hanyar wata jiha.

Kantunan garin su ma sukan fito da kayansu bakin titi su karya farashi a waɗannan kwanaki: littattafai, takalma, rigunan jami'a. Ba sa cikin baje kolin, amma tsarabar yara a nan ta fi araha.

10. Hadari, yara, da abin da za ka kauce wa

Mutanen garin suna da zolayar cewa ba a baje kolin nan sai an sha zafi an sha ruwa. Hadari yakan taso da yamma cikin ɗan lokaci, da iska da tsawa. In ka ga masu rumfuna sun fara sauke labule suna ɗaure igiya, ka nemi gini na gaske ka shiga. Rumfa mai ƙafafun ƙarfe ba mafaka ba ce lokacin walƙiya, gindin bishiya ma haka. Yawanci ba ya daɗewa, kuma bayan ruwa jama'a sun ragu, gari ya yi sanyi.

Yaro ƙarami ka sa masa takarda a aljihu mai sunanka da lambar wayarka. Keken jariri yana da amfani da safe, amma da rana a Liberty sai ya zama kaya. Idan wani ya fara jiri ko ciwon kai, a kai shi inuwa a ba shi ruwa, a nemi rumfar agaji. Lambar gaggawa 911 ce, kuma asibiti a Amurka ba wurin zuwa ba inshora ba ne.

Hattara: za ka ji warin wiwi, za ka kuma ga kantunan sayar da ita, domin jihar ta halatta ta ga manya tun 2018. Dokar tarayya ba ta halatta ba, kuma ita ce ke hukunta maganar biza da takardar zama. Ɗalibi ko baƙo ko kusa da ita kada ya je, har alewa da biskit da ake haɗawa da ita.

11. Kai kaya gida

Abu mai nauyi ko mai fashewa, ka biya ka bar shi a rumfar, ka dawo ka ɗauka in za ka tafi. Ka rubuta lambar rumfar a kan rasit, ka dawo da sauran aƙalla rabin awa kafin a tashi, musamman ranar Asabar da suke fara kwance rumfuna da zarar ƙarfe 8 ta buga. Ka gaya wa mai sana'ar jirgi za ka hau, zai naɗe maka da kyau fiye da yadda za ka iya.

Tangaran da gilashi a jakar hannu suke tafiya, a naɗe cikin tufafi, ba a akwatin da za a jefa cikin jirgi ba. Wuƙar ƙira da duk wani abu mai kaifi kuwa akasin haka, cikin babban akwati, in ba haka ba a ƙwace a wurin bincike. Zanen takarda ka ce a ba ka ba firam, ya fi sauƙin ɗauka kuma ya fi araha, ka sa firam in ka isa. Babban aiki, yawancinsu sukan aika maka har gida a cikin Amurka in ka biya kuɗin aike, amma ka sa a rubuta ranar aikewa a kan rasit. Wanda zai wuce da kaya Najeriya ko Nijar ya tuna akwatin jirgi galibi kilo 23 ne, kuma kwanukan tangaran huɗu sun isa su cinye kason tsarabar wani. Mai komawa Windsor ya ajiye rasit ɗinsa a kusa, za a tambaye shi abin da ya saya a kan iyaka.

Wajen fita, kada ka jira ƙarfe 9 tare da kowa. Layin bas ɗin komawa filin ajiye motoci yakan yi tsawo a lokacin, kuɗin Uber kuma ya hau. Ko dai ka tashi wajen ƙarfe 8, ko ka zauna ka ci abinci a Main, ka yi magariba, ka fita bayan taron ya watse. In mota za ka kira, ka taka layi biyu ko uku zuwa wajen titunan da aka rufe, misali kan titin Huron, domin direba ba zai iya shigowa inda kake tsaye ba.